Mako Goma Sha Ɗaya da Takardar Hoton Ciki a Aljihuna

Shekaruna saba'in da huɗu a bana, abin da zan ba da labarinsa kuwa ya faro ne shekara guda da wata biyar da suka wuce. A Kafanchan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. A nan na yi aikin akawu a tashar jirgin ƙasa har na ajiye, sa'an nan na koma sayen citta, sana'ar gidanmu. Ban saba shimfiɗa al'amarin jikina a gaban jama'a ba. Na ɗauki alƙalami ne domin dattawa tsarana, waɗanda na san halinsu sarai, domin halina ne.

Wata safiya bayan na dawo daga masallaci na kewaya, sai na ga fitsarina ya yi ja kamar zoɓon da aka yawaita wa ruwa. Babu zafi, babu raɗaɗi. Kwana biyu yana haka, a na uku ya ɗauke. Ƙanena Malam Sale kaɗai na gaya wa. Ya ce, "Yaya, tsargiya ce. Wa ya kai mu wanka a rafi muna yara? Kwanciya take yi a jiki, sai tsufa ya zo ta farka." Ya kawo mini wata saiwa na jiƙa ina sha.

A mako na uku jinin ya komo, wannan karon da gudaji, da wani nauyi a kwiɓina na hagu, kamar na rataya jakar tsabar kuɗi a wurin. Maiɗakina Hajiya Asabe ta ga alama a makewayi. Ba ta yi mini doguwar magana ba. Ta ɗauko babbar rigata ta ajiye a bakin gado, ta ce, "Alhaji, asibiti. In kuwa ba ka tafi ba, zan gaya wa Magaji." Magaji shi ne babban ɗanmu, yana zaune da iyalinsa a sashe guda na gidan nan.

Na tafi ni kaɗai. Na yanki kati da hantsi, ban ga likita ba sai da rana ta take. Yaro ne matashi, mai ladabi. Ya danna cikina nan da can, ya daɗe a gefen hagu, sa'an nan ya rubuta takarda biyu, ɗaya ta magani. Ya miƙo ta biyun ya ce, "Baba, wannan ita ce mai muhimmanci. Za ku je a yi muku hoton ciki. Sikan."

Wannan kalma na san ta, amma a bakin mata kaɗai nake jin ta. Wance ta je hoton ciki, an ce namiji ne. Wance ta je hoton ciki, an ce tagwaye ne. Na ce, "Likita, ni kuwa?"

Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai ciki kowa yana da shi."

Ni ban yi dariya ba. Duk da haka na bi kwatancen da aka yi mini har ƙarshen baranda. Benci biyu ne a ƙofar ɗakin hoton, cike da mata masu juna biyu, kowace da ruwan leda a hannu tana sha. Babu namiji ko ɗaya. Ina tsaye ina neman wanda zan miƙa wa takarda, sai idona ya faɗa kan ta uku a bencin farko. Hauwa ce, matar Magaji.

Shekara tara tana gidana. Ban taɓa ganin tana cin abinci ba, ita kuma ba ta taɓa ganin kaina babu hula ba. Cikin da ya kawo ta wurin ma ba a gaya mini ba, ba kuwa za a gaya mini ba sai ranar da aka ce an sauka lafiya. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuma na juya kamar mai neman ɗakin magani ya ɓata hanya. Na ninke takardar huɗu na sa a aljihu, na hau acaɓa na komo gida.

Hajiya ta ce, "Ka je?"

Na ce, "Na je."

"Me suka ce?"

"Sun ba da magani."

Babu ƙarya a cikin amsoshin nan biyu. Amma wanda ya yi akawu shekara talatin ya san yadda ake binne gaskiya ba tare da an rubuta ƙarya ba.

Daga nan kwanaki suka shiga tafiya. Maganin asibiti ya ƙare, jinin yana zuwa yana ɗaukewa. A mako na huɗu da karɓar takardar abinci ya fita raina, ko tuwon acca da miyar karkashi, wanda ba na mayar da shi, sai in kai loma uku in tsame hannu. A na shida zazzaɓi ya riƙa sauko mini da la'asar. A na takwas Hajiya ta ɗaure mazagin wandona a wani wuri dabam saboda ramar da na yi. Masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa da ilminsa. Wannan ya ce basir ne ya hau sama. Wancan ya ce zafi ne, a sha tsamiya. Wani abokin ciniki ya sunkuyo ya raɗa mini cewa hannu ne, wai a kasuwar citta ba kowa ke murna da ni ba. Na sha rubutu, na sha jiƙo, na yi turare. Ban raina addu'ar kowa ba, har gobe ina godiya. Sai dai duk mai ba ni shawara yana ba ni ne bisa zaton asibiti sun duba ba su ga kome ba, ni kuwa na bar su a kan wannan zato.

Mutum ɗaya ce ta san ba a duba ba. Kowace safiya Hauwa takan kawo kunu, ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Baba, yaya jiki?" In ce, "Da sauƙi, Allah ya yi miki albarka." Ta san na sani, na san ta sani. In ta gaya wa mijinta, ta ce masa ubansa ya ɓoye gaskiya ke nan. In ta gaya wa Hajiya, ta shiga tsakanin surukanta. In ta gaya mini, da wane baki suruka za ta yi wa uban mijinta zancen fitsari da ciki?

Ga yadda ta yi. Akwai abokina Baba Ishaya, mutumin Kagoro, dattijo a ikilisiyarsu. Tare muka yi aikin jirgi: ina ofis da alƙalami, shi yana bin tarago da doguwar guduma yana ƙwanƙwasa ƙafafun jirgi. Shi kaɗai ya rage a duniya da yake iya zagina in yi dariya. Matarsa Saratu tana sayar da doya a kasuwar Kafanchan. Hauwa ta je sayen doya, ta ja Saratu gefe ta gaya mata. Saratu ta kai maganar Kagoro. Tsakanin ɗakina da sashen Hauwa taku goma sha biyu ne, amma sai da saƙon ya je gindin dutsen Kagoro ya komo kafin ya iso ni.

Ishaya ya zo ranar wata Laraba, ya shigo zaure ko zama bai yi ba ya ce, "Akawu, an ce kana da ciki. Wata nawa?"

Na ce, "Ishaya, in ba ka da abin faɗi, ga hanya."

"Ina da shi. Kawo takardan."

"Wace takarda?"

"Wanda ka ɓoye. Yarinyan nan matan ɗanka, shi ya fi ka hankali, wallahi." Shekara hamsin ina gyara masa na mace da na namiji a Hausa, bai gyaru ba, ranar nan kuwa ban sami bakin gyara ba. Ya ɗaga rigarsa ya buga tumbinsa ya ce, "Ka ga wannan? Bara waccan fitsari ya tsaya mini, an shafa masa mai, an yi masa sikan. Na haihu? Kai da Hausanka mai yawa, ciki guda ɗaya ka sani? Buhun cittanka ba shi da ciki? Masallacinku ba shi da ciki?"

Na ce, "Ba kalmar ba ce kaɗai. Surukata tana kan bencin."

Ya ce, "To. Za ka fi so ya gan ka a benci, ko ya gan ka a makara?"

Sai na sa hannu a aljihu na ciro takardar. Ta yi laushi, ninkin ya kusa yagewa. Mako goma sha ɗaya cif tana tare da ni, duk rigar da na sauya sai na mayar da ita aljihun sabuwa.

Washegari muka tafi mu uku, da shi da Hajiya, wadda na gaya wa gaskiya da bakina kafin mu fita. Abin da ta ce mini tsakaninmu ne. A ƙofar ɗakin hoto benci na nan cike kamar dā. Ishaya ya tsaya ya ce, "'Ya'yana, ku matsa, ga wasu masu ciki biyu sun zo." Wuri ya kaure da dariya. Wata ta tashi ta ba ni wurinta ta ce, "Zauna, Baba, naka ya fi nawa tsufa." Na zauna. Ƙasa ba ta tsage ba.

A nan zan faɗi ƙorafina. An ce sai mara ta cika da fitsari hoton zai fito, saboda haka aka sa na sha ruwan leda huɗu. Ina gama sha wuta ta ɗauke. Mai tayar da inji ya tafi neman mai. Awa biyu da rabi tsoho mai ciwo yana zaune da cikakkiyar mara a tsakiyar mata, ba shi da ikon tashi ya kewaya. Kuma har yau ban ga abin da zai hana a ajiye benci guda a gefe domin maza da tsofaffi ba, ko a rubuta a bango cewa hoton nan na kowa ne. Da an yi haka, da maza da yawa ba su juya daga ƙofar nan ba.

Ga kuma godiyata. Mai ɗaukar hoton mace ce mai matsakaitan shekaru, daga harshenta na gane 'yar wajen Zangon Kataf ce. Ta ga yadda nake riƙe da rigata, sai ta ɗauko zane ta rufe ni, ta buɗe daidai inda take bukata kaɗai. Ta ce, "Baba, man nan yana da sanyi, ku yi haƙuri." Ta shafa, ta ɗora wani abu kamar kan tocila mai waya, tana zagayawa da shi tana duban allo. Na tambaye ta ko wuta ce take shiga jikina. Ta ce a'a, sauti ne wanda kunne ba ya ji, yana shiga ya bugi abin da ke ciki ya komo, injin ya mayar da amsar hoto.

Ishaya, wanda ya ƙi fita, ya ce, "Ashe aikina ne! In na buga ƙafan jirgi da guduma, mai lafiya kukansa daban, mai tsaga kukansa daban."

Ta ce, "Haka ne, Baba."

Ta duba dama tana hira. Da ta koma hagu sai hirar ta tsaya. Ta ce in ja numfashi in riƙe. Ta danna, ta auna, ta sake aunawa. Ni ban ga kome a allon ba sai toka-toka kamar hadari, amma na ga fuskarta. Ta ce, "Baba, bari in kira likita. Ubangiji yana nan."

Likitan nan matashi ne ya zo. Ya dubi ranar da ke kan takardarsa, ya dube ni, bai ce kome a kai ba, na kuwa gode masa da wannan shiru. Ya nuna mini wani dunƙule a jikin ƙodar hagu, ya ce da Turancinsu "mas" suke kiransa, wato tsiro, girmansa ya kai ƙwan agwagwa. Ya ce da ruwa ne a cikinsa da ya fito baƙi ƙirin, da bai damu ba, amma wannan tsoka ce. Na ce, "Likita, kada ka kewaya da ni. Daji ne?"

Ya ce, "Baba, wannan hoton ba ya rantsuwa. Ya dai nuna mana inda za mu duba. Amma ina jin tsoron shi ne."

Ya tura mu wani babban asibiti a Jos domin hoton da ya fi wannan zurfi, wanda ake tura mutum cikin wani zobe. Magaji ya karɓi ragamar tafiya daga nan. Sau uku muka hau dutsen Jos cikin mako biyu: yau injin yana hutawa, gobe mai karanta hoto bai zo ba. Cittar da na ajiye ina jiran ta yi daraja, Magaji ya sayar da ita a farashin da ya samu. Daga bisani babban likitan fiɗa ya zaunar da mu ya ce tsiron bai fita daga ƙodar ba tukuna, amma ya kusa bakin babbar jijiya. Ya ce a cire ƙodar gaba ɗaya, kada a wuce mako biyu.

Da Malam Sale ya ji, sai ya zo da gudu har hularsa tana karkacewa. Ya ce, "Yaya, ka manta abin da muka taso muka ji? Daji ba ya son ƙarfe. Ko allura aka soka masa fushi yake yi ya bazu, balle wuƙa. Akwai wani mutum a wajen Manchok, ganye kaɗai yake bayarwa. Ka ba shi kwana arba'in."

Ban yi masa tsawa ba, domin ƙauna ce ta kawo shi, kuma ni ma da wannan magana na girma. Na kai ta gaban likitan fiɗa yadda take. Ya ce, "Alhaji, na san inda maganar ta samo asali. Mutanenmu ba sa zuwa sai abin ya gama bazuwa. Mu taɓa, mutum ya rasu, a ce ƙarfe ne. Ba ƙarfe ba ne, latti ne." Na komo na ce wa Sale, "Na riga na ba saiwa wata uku. Ba ni da kwana arba'in na bayarwa." Ya yi fushi kwana biyu. Ranar aiki kuwa shi ya riga kowa isa ƙofar ɗakin fiɗa da carbinsa.

An nemi jini leda uku. Magaji ya ba da ɗaya, ɗan Sale ya ba da ɗaya, ɗan Ishaya ya ba da ta ukun. Na farka da roba a hanci, da roba a kwiɓi, da wata a inda ba na faɗi. Kwana goma sha biyu na yi a gadon nan. Hajiya, mai ciwon gwiwa, ita ke juya ni, ita ke zubar da abin da ya taru, ita ke yi mini taimama in yi salla da ishara. Wata ma'aikaciyar jinya ta yi mata tsawa a gabana don ta shimfiɗa tabarma a inda ba a so. Wata kuwa ta kawo mata kujerarta ta kanta. Duka biyun ina tune da su. A kwana na biyar Ishaya ya iso da kwanon gwate daga Saratu, ya leƙa ɗinkin ya ce, "Akawu, barka da sauka. Ina jaririn?" Na yi dariya har ɗinkin ya yi mini zafi, aka kore shi waje.

Bayan mako uku sakamakon naman da aka cire ya fito. Daji ne, amma gefensa duka lafiyayye, ba a ga ya tsallaka ba. Na tambayi likitan abin da ke cina: da na zo tun ranar da aka ba ni takarda fa? Ya ce ba zai yi mini rantsuwa ba, amma mai yiwuwa da wani yanki kaɗai za a yanke a bar mini sauran. Ya ƙara da cewa ƙodar da ta rage ta tsufa, hawan jini ya taɓa ta, ba ta da mataimaki. Kowane wata huɗu zan koma a duba ta da wannan hoto na sauti. Sau uku aka duba zuwa yanzu. Ba ya cewa na warke. Abin da yake cewa shi ne, "Yau ba mu ga kome ba."

Da watan azumi ya gabato na tambaye shi. Ya ce, "Alhaji, ƙoda ɗaya mai rauni ba ta jure ƙishirwar yini. Ba bana kaɗai ba." Na kai wa limaminmu maganar, ya ce abin da likita ya faɗa shi ne, in ciyar. Tun ina ɗan shekara goma sha biyu ban sha azumi ko ɗaya ba, ko a shekarun da muke kwana a tasha muna jiran jirgin da ya makara. Ranar ɗaya ga wata, da azahar, gida ya yi tsit, kowa bakinsa a bushe, Hajiya ta shigo da kofin ruwa ta ajiye a gabana, ta juya mini baya don kada in ji nauyi. Na daɗe ina dubansa. Sa'an nan na yi bisimilla na sha. Rai Allah ya bar mini, na gode masa. Wannan kofi kuwa ni na saya wa kaina da mako goma sha ɗaya.

Wanda ya yi shakkar wani abu a cikin abin da na rubuta, shaiduna suna raye. Akwai Hajiya Asabe, da Magaji, da Malam Sale, wanda na karanta masa nasa kason ya ce haka aka yi. Akwai Ishaya da Saratu a Kagoro. Akwai kuma Hauwa, amma ita kada a wahalar da ita da tambaya. Na aika a sanar da ita zan sa sunanta, ta aiko cewa ita ba ta ga kome ba, ba ta ce kome ba, doya kawai ta je saye.